Bencin Baya

Duk wanda ya taso a Nguru ya san cewa ruwan da ke shiga gonarsa ba a garin ake yanke hukuncinsa ba. Tun muna yara muke jin manoma da masunta suna ambaton Tiga, kamar sunan wani babban mutum da ba su taɓa gani ba amma yake da iko da tukunyarsu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Kano a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kuma babu mai musun alherin da aka nufa da su, wato ruwan sha ga birnin Kano da noman rani ga ɗimbin magidanta. Sai dai kafin a gina su, Kogin Haɗeja yana da lokacin cika da lokacin ƙafewa. Da damina ya tumbatsa ya malale fadamu, da rani ya janye ya bar wa manomi danshi, ya bar wa makiyayi ciyawa. Da aka soma sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ruwa suka daina bushewa, ciyawar nan da ake kira kacalla ta samu wurin zama ta yi kaka-gida. Ta toshe wasu hanyoyin har ruwan da ke gangarawa Gashuwa ya ragu, ta karkatar da shi ta Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonakin da a da ake noma. Tsuntsayen jan-baki kuwa suka samu mafaka a cikinta, suna fitowa suna cinye ɗan abin da ya rage.

Ba mu kawo wannan don mu tuhumi masu gina madatsa ba. Mun kawo shi ne domin mun daɗe muna neman misalin da zai ɗauki abin da muke so mu faɗa, ba mu sami wanda ya kai shi ba. Wanda ya buɗe ƙofar ruwa a can sama, sau da yawa bai san sunan mai gonar da ta nutse a gangare ba. Mu kuwa mun taɓa buɗe wata ƙofa a shekarar 1998, kuma mun san sunan mai gonar, mun san fuskarsa, har mun sha cin tuwo a ɗakinsa.

Layin dogo ya isa Nguru daga Kano a 1930, a nan kuma ya tsaya. Shi ya kwashi gyaɗa da ƙaro da fatu da nama zuwa kudu, shi ne kuma ya juyo da mutane: Yarabawa da Ibo da Tibi da mutanen kudancin Zariya, suka tarar da Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani, aka zauna. Daga cikin baƙin nan ne akasarin majami'un garin suka tsiro. Majami'armu ƙarama ce, kuma ko da yake kusan kowane benci da harshensa na gida, Hausa ce ta haɗa mu. Da ita ake waƙa, da ita ake addu'a, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa tun 1932. Mahaifinmu tela ne kusa da tashar jirgi, kuma ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya. Mu kuwa tun muna da shekara 14 aka lura Allah ya sake mana harshe. Mukan karanta nassi ba gargada, in kuma an yi baƙon mai wa'azi da ba ya jin Hausa, mu ake kira mu tsaya kusa da shi mu yi tafinta. Tsofaffin mata sukan shafa kanmu bayan sujada su ce, "Yaron nan yana da baiwa." Mun ji daɗin kalmar ƙwarai, ba mu kuwa san nauyinta ba.

Saboda wannan yardar ne aka naɗa mu ma'ajin zumuntar matasa muna da shekara 18. A shekarar nan matasa suka ƙudura sayen lasifika, aka yi ta tara kuɗi ta hanyar baiko da ƙwadago a gonakin mutane, har suka kai Naira 7,200. A lokacin takardar kuɗi mafi girma ita ce ta Naira 50, don haka damin ya yi kauri, 'yan Murtala da 'yan goma-goma duk sun sha hannu, wasu da ƙanshin kifi, wasu da na man ja. Ana ajiye su a wani akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya na majami'a. Makullin akwatin yana hannunmu, na ɗakin kuma yana hannun mai gadi, wani tsoho mai sanyin magana da ke zaune da iyalinsa a ɗaki biyu a bayan majami'ar. Ɗansa na fari abokinmu ne, ajinmu ɗaya a sakandare, kuma ya fi mu iya lissafi nesa ba kusa ba.

Wani dillalin kifi ne ya nuna mana hanya. Ya ce in muka ba shi jari, zai sayi bandar tarwaɗa a bakin ruwa, ya ɗura a kwali ya aika kudu, cikin mako uku kuɗi su dawo da riba. Ba mu kira abin sata ba. A zuciyarmu aro muka kira shi, har muka yi lissafin yadda za mu mayar da uwar kuɗi mu ƙara wa asusun matasa wani abu daga ribar, a yaba mana. Wata ranar Asabar da ake sharar majami'a, ɗakin ajiya yana buɗe, muka kwashe kuɗin muka mayar da kwaɗo. Mako uku ya wuce, wata ya wuce, dillali ya ce kaya sun lalace a hanya, daga baya ma muka daina ganinsa.

Ranar da aka buɗe akwati a gaban shugabannin matasa aka tarar wayam, dattawa suka zauna. Aka kira mu, muka durƙusa muka ce, "Baba, ni dai na san na ajiye su a ciki, na kuma kulle." Babu ƙarya ko ɗaya a cikin jimlar nan, kuma ita ce ƙarya mafi girma da muka taɓa yi. Ba mu ambaci sunan kowa ba. Ba sai mun ambata ba. Ɗan dattijo ne mu, mai karanta nassi, wa zai kalle mu? Ido ya koma kan mai riƙe da makullin ɗaki da ɗansa mai shiga da fita. Tsohon ya ce bai sani ba, ɗansa ya yi kuka ya ce bai sani ba. Ba a kai magana wurin 'yan sanda ba, ba a kuma kira kowa ɓarawo a fili ba. An dai gaya wa tsohon cikin lalama cewa za a nemi wani mai gadin. A gari irin namu wannan ya isa. Kafin damina ta faɗi sun ɗaure kayansu a bayan a-kori-kura sun koma Gashuwa wurin 'yan'uwa, saura 'yan watanni abokinmu ya zauna jarrabawar fita sakandare. Muna cikin waɗanda suka taya su ɗora kaya.

Mu muka zauna jarrabawar, muka ci, muka shiga jami'a. Shekara biyu muna tafe da abin nan a ciki kamar ƙaya a tafin ƙafa, in an taka ta yi zafi, in an zauna a manta. Da hutun Kirsimeti na shekarar 2000 aka yi baƙon mai wa'azi daga kudu, aka ce ga ɗan jami'a ya dawo, shi zai yi tafinta. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba zai ɗauka juya kalmomi ne kawai. Tafinta na gari yakan ari muryar mai magana, in ya ɗaga hannu ya ɗaga, in ya yi tsawa ya yi, in ya ce "kai" shi ma ya ce "kai". Baƙon ya ɗauko labarin Sarki Dawuda kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya kawo shi a littafin Sama'ila na biyu, sura 11 da 12: yadda sarki ya ɗauki matar sojansa Uriya, ya sa aka tura mijin bakin dāga ya mutu, sa'an nan Annabi Natan ya zo masa da labarin wani attajiri mai garke, wanda ya bar nasa ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka wa baƙo. Muna biye da shi jimla bayan jimla, murya garau, har aka iso inda annabin ya juyo ya sanar da sarki cewa labarin nasa ne. Mai wa'azi ya miƙa yatsa ya faɗa da ƙarfi, ya dakata yana jiran mu. Muka ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga, muka buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya maimaita. Majami'a ta yi tsit. Wani dattijo ne ya taso ya ƙarasa tafintar, aka ɗauka zazzaɓi ne ya kama mu.

A daren nan muka sami mahaifinmu a shago yana ƙarasa ɗinkin Kirsimeti da fitilar ƙwai. Mu da muka saba fakewa da "mu" a magana da rubutu, ranar nan ba ta yi mana amfani ba. Muka ce, "Baba, ni na ɗauki kuɗin matasa." Ya daina taka keke. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Kuɗi ana biya. Sunan bawan Allah nan da ka ci, da me za ka biya shi?" Washegari da kansa ya kai mu gaban dattawa, ya kuma ajiye muƙaminsa, ya ce wanda bai ga abin da ke ƙarƙashin rufinsa ba bai kamata ya zauna yana duba na wasu ba. Kekunan ɗinki biyu gare shi. Ya sayar da ɗaya ya biya kuɗin.

Bayan sabuwar shekara muka kama hanyar Gashuwa, mu da mahaifinmu da dattawa biyu. Muka bi ta Jajimaji, babu mai magana a motar. A Gashuwa ne ruwan Haɗeja da na Jama'are, bayan sun haɗu, suke wucewa da sunan Komadugu Yobe su nufi tafkin Cadi, kuma a bakin kogin nan muka sami abokinmu yana jera kifi a kan wayar banda, idanunsa jawur saboda hayaƙi. Ya kai mu gida. Muka tambayi tsohon, aka ce ai ya rasu da daminar da ta wuce. Dattawa suka yi bayani, muka durƙusa a gaban uwar gidan muka faɗi abin da muka yi da bakinmu. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kun zo bara." Abokinmu kuwa ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya tashi ya koma wurin kifinsa kada ya ƙone.

Mun gaskata an gafarta mana. Bangaskiyarmu ta Kirista a kan wannan ta tsaya, cewa wanda ya furta zunubinsa ya tuba, Allah yana karɓarsa saboda Almasihu, ba don ya cancanta ba. Amma a hanyar dawowa daga Gashuwa muka fahimci abin da muka sha karantawa ba mu gani ba. A labarin nan na Dawuda, an sanar da sarki a take cewa an kawar da zunubinsa, duk da haka jaririn da aka haifa ya mutu, gidansa bai ƙara rabuwa da takobi ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga gadon sarauta na wani lokaci. Uriya kuma bai tashi daga kabari ba. Gafara tana gyara tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba ta mayar da ruwan da ya riga ya gangara. An wanke sunan tsohon nan a gaban ikilisiya ranar Lahadi, aka yi ta jinjina kai, sai dai mai sunan ya kwanta dama yana sane da cewa mutanen da ya yi wa gadi shekara da shekaru suna yi masa kallon ɓarawo. Abokinmu kuma shekarun karatunsa sun tafi.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da magana a kan wannan da muka taso muna ji, cewa laifin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa daban, haƙƙin wani bawa kuma daban, sai an nemi mai shi. Adabinmu ma bai bar zancen ba. Duk shekarar da muka koyar da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta haifar, mukan tambayi ɗalibai: tsakanin Malam Shehu da ya yi amfani da dukiya ya raba masoya, da Abubakar da ya tafi neman fansa, wa ya fi shan wuya? Sukan yi ta gardama, kafin wani ya tuna da Kyauta, yaron da ba a haife shi ba ma lokacin da aka ƙulla rigimar, amma a kansa ta ƙare. Ɗalibai sukan ɗauka tambayar jarrabawa ce muke shirya musu.

Hukuncin da dattawa suka yanke mana shi ne horo na wata shida. A majami'u irin tamu, wanda aka sa a horo ba a korarsa. Yakan zo sujada, amma ya zauna a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya riƙe wani aiki. Ko da muka koma makaranta, sai da aka aika da wasiƙa ga majami'ar da muke zuwa a can, don haka babu inda muka tsere wa bencin. Makonnin farko ba mu ga komai ba sai ƙeyar mutane da kunyar kanmu. Sannu a hankali muka soma lura da maƙwabtanmu na benci. Ashe ba masu horo kaɗai ke zama a can ba. Akwai mai zuwa a makare don sai ya kai itace kasuwa, akwai mai riga ɗaya da ba ya so a gan ta a gaba, akwai uwar da goyonta ke kuka. Akwai kuma waɗanda in an ce a buɗe sura kaza, sukan buɗe ko'ina su riƙe, idonsu na kan takarda, leɓensu na bin na maƙwabci. Shekara shida muna tsaye a gaba muna karatu ana yaba mana, ba mu taɓa sanin cewa mutane da yawa a bayan majami'a ba su iya karatu ba.

Da wata shida ya cika aka kira mu gaba, aka yi addu'a, aka karɓe mu. A nan ne muka faɗa rami na biyu, wanda ya fi na farko kyan gani. Muka ce ba za mu ƙara yin tafinta ba, ba za mu karanta nassi ba, ba za mu koyar a makarantar Lahadi ba. Duk wanda ya roƙe mu mukan sunkuyar da kai mu ce ba mu isa ba. Mutane suka ce yaron nan ya yi tawali'u, mu ma muka yarda da su. Kusan shekara biyar muna haka, an ɗage mana horo amma mun ƙi tashi daga bencin.

Wanda ya tashe mu wani tsohon mai bishara ne da ya yi aiki shekaru masu yawa a ƙauyukan ƙasar Bade a kan keke, ya yi ritaya a Gashuwa. A 2005, muna gida muna jiran tafiya bautar ƙasa, ya zo Nguru jana'iza ya sauka a gidanmu. Da dare ya kira mu tsakar gida.

"Ɗana, an ce ka daina tafinta."

"Haka ne, Baba. Bakin da ya yi irin ƙaryar nan bai cancanci ya ɗauki maganar Allah ba."

"To, da can wa ya ce maka ya cancanta?"

Muka yi shiru. Ya ce mu tuna da misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25, na maigidan da zai yi tafiya ya damƙa wa bayinsa uku dukiya, wani talanti biyar, wani biyu, wani ɗaya. Talanti ɗaya ma ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya kai ladan ƙwadagon shekaru masu yawa. Ya tambaye mu, bawan da aka hukunta, nawa ya sata? Muka ce bai saci ko anini ba, ya haƙa rami ne ya binne, ya mayar da shi yadda aka ba shi. Ya ce, "To ka gani. Tsoro ne ya sa shi, shi ma da an tambaye shi zai ce tawali'u ne. Baiwar nan da kake ɓoyewa, don kai aka ba ka? Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ana ba kowa tasa ne domin amfanin jama'a duka, kamar yadda ido ba don kansa yake gani ba. A 1998 ka ɗauki kuɗin mutane sau ɗaya. Yanzu kuwa kowace Lahadi kana hana su abin da yake nasu."

Maganar ta yi mana zafi fiye da horon dattawa, domin ta tone abin da ke ƙarƙashin tawali'un. Gaskiyar ita ce ba ma so mu tsaya a gaba a dube mu a tuna. Mun fi son a manta da mu gaba ɗaya a kan a riƙa ganinmu a matsayin tafintan da ya taɓa sata. Tsohon ya ci gaba, ya kawo mana Markus, saurayin da ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara ta farko ya gudu ya bar su a Bamfiliya. Da za a sake tafiya Bulus ya ƙi ɗaukarsa, gardama ta yi tsanani har manyan biyu suka rabu, Barnaba ya tafi da shi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan da kansa, yana kurkuku, ya aika a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ya ce, "Labarin gudunsa yana nan a rubuce har yau, ba a goge ba. Amma da ya tsaya jiran a goge, da ba a sake jin sunansa ba. Shirya, jibi za ka raka ni."

Gidan yarin Gashuwa ya kai mu. Sunan gidan ya shiga jaridun ƙasar nan a 1989, lokacin da gwamnatin soja ta tsare lauya Gani Fawehinmi a can, amma yawancin mazaunansa ba wanda jarida ta san da su. Tsohon yakan ziyarce su da izinin hukuma, ya yi addu'a da masu so, ya kai sabulu. Abin da ya rasa shi ne mai koyar da karatu da rubuta wasiƙa, ga idonsa ya soma rauni. Wata uku muka yi muna zuwa da allo da alli, muna koyar da baƙaƙe da wasula ga duk mai so, Musulmi da Kirista, muna rubuta wa wasu wasiƙa zuwa ga iyaye da mata. A can muka ga manya masu furfura suna rawar hannu a kan harafin farko na sunansu. Wata rana wani daga cikinsu ya ce, "Malam, kai me ya haɗa ka da mu?" Muka ga babu amfanin ɓoyewa, muka ba su labari tun daga akwati har bakin kogi. Suka yi dariya har da tafawa, mai tambayar ya ce, "Ashe ɗan gida ne kai, alƙali ne kawai bai gan ka ba." Daga ranar nan ajin ya cika. Abin da muka yi shekara biyar muna tsoron a sani, shi ne ya sa suka yarda su zauna a gabanmu. A 2019 aka sauya wa gidajen yarin ƙasar nan suna zuwa gidajen gyaran hali. Mu dai tun kafin nan mun san mutum ɗaya da aka gyara wa hali a can, alhali ba a rubuta sunansa a rajista ba.

A can muka san cewa koyarwa ce aikinmu, kuma duk abin da ya biyo baya, digiri na biyu da na uku da wannan aji da muke tsayawa a gabansa, daga allon nan ya taso. Amma kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi kamar tatsuniya. Tsawon shekarun nan mukan aika wa abokinmu gaisuwa da ɗan abin hannu, yakan amsa gaisuwar, ya mayar da abin hannun. Sai a 2022, da ambaliya ta ci garuruwan Yobe ta arewa, ta rushe gidaje da yawa a Gashuwa, muka je muka same shi da iyalinsa a wata makaranta da aka tsugunar da mutane. Furfura ta fito masa, kifi da hayaƙi sun cinye masa hannu. Muka zauna a kan tabarma muka yi jaje. Da za mu tashi ya kira wata yarinya mai shekara 17, ya ce, "Gai da babanki." Sa'an nan ya dube mu ya ce, "Ni karatu ya wuce ni, kai ma ka san inda ya tsaya. Wannan kanta irin nawa ne a lissafi. Ruwa ya tafi da littattafanta. Ka ga abin da za ka yi." Shekara 24 ke nan, sai ranar ya ba mu izinin mu biya wani abu. Yarinyar tana karatu yanzu a jami'ar tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013. Mahaifinta bai taɓa ce mana komai ya wuce ba, mu ma ba mu nemi ya faɗa ba, domin mun san bai wuce ba.

Mutanen ƙauyukan da ke bakin Marma ba su zauna jiran a rushe Tiga ba. Sukan yi gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su sare kacalla su buɗe wa ruwa hanya. Sun san za ta sake tsirowa, sun san baɗi ma sai sun shiga. Duk da haka inda aka buɗe, kwalekwale yakan wuce, gona takan fito, a shuka abin da aka samu. Haka muka fahimci dama ta biyu. Ba a mayar da mutum inda yake kafin ya faɗi; ana miƙa masa lauje ne a cikin ruwan da shi ya jawo, a ce ga aiki.

Saboda haka ne idan aka kawo ɗalibin da aka kama da satar amsa gaban kwamitin da muke ciki, ba ma roƙon a ɗage masa hukunci, domin mun san abin da rangwamen ƙarya ke jawo wa wanda ya yi karatunsa da gaskiya. Amma bayan an tashi mukan neme shi, mu zaunar da shi, mu tambaye shi abin da ya iya, mu gaya masa cewa hukuncin yana da ranar ƙarewa, kada shi ya ƙara masa wasu shekaru da hannunsa. Wasu sukan dawo, wasu ba mu sake ganinsu. Ga ɗalibanmu da abokan aikinmu da za su karanta wannan kuwa, ko a masallaci suke sujada ko a majami'a, roƙonmu biyu ne. Wanda aka riga aka yafe masa, ya tashi daga bencin baya ya kama aikin da aka ba shi baiwarsa, akwai masu jira. Wanda kuma ya san akwai wani a gangare da ke ɗauke da laifin da ba nasa ba, ya shiga mota bana. Mu mun je, amma har yau muna jin muryar tsohuwar nan a tsakar gidanta a Gashuwa tana cewa da mun zo bara.